Akwatin jiragen Baba: in gyara ko in haƙura?

Assalamu alaikum. Shekaruna 59, na yi ritaya daga aikin koyarwa bara, ina zaune a Zariya. Mahaifinmu bakanike ne a reluwe. A 1957 aka tura shi kwas Ingila, ya dawo da akwatin ƙananan jiragen ƙasa masu aiki da lantarki, da layin dogonsu da taragai. Muna yara, sau ɗaya ko biyu a shekara yake shimfiɗa su, mu kuwa namu kallo, ba taɓawa. Allah ya yi masa rasuwa watanni takwas da suka wuce. Ya sha faɗa a gaban mutane cewa jiragen nan nawa ne, amma akwatin yana ɗakinsa har ya rasu. Bayan an share makoki na ɗauko shi. Kawunan jirgi uku ne a ciki. Biyu na ƙarfe ne, an rubuta Hornby Dublo a ƙasansu. Babban kore ne, sunansa Duchess of Montrose, fentinsa duk ya ƙoƙƙoje. Na uku na roba ne, Tri-ang, ya lanƙwashe. Babu mai motsi a cikinsu.

Na fara sayen kayan gyara ta hannun wani tsohon ɗalibina da ke Ingila, ban gaya wa maiɗakina ba. A wayata ta gani. Kuɗin sun kusa fanshona na wata biyu. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ta ce na mayar da ɗakin baƙi gareji, tsofai-tsofai da ni ina wasan yara. Ƙannena biyu kuma sun ji wai tsofaffin jiragen nan miliyoyi ne, sun ce a sa su cikin gado a sayar. Ni niyyata in kankare fentin babban in fesa masa sabo, daga baya in ƙera da hannuna irin kan jirgin da Baba ya yi wa aiki, masu sunayen koguna. Har na sayi fenti. In haƙura ne, ko in ci gaba?

Ɗan bakanike, Zariya

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi.

Ba na ce ka haƙura ba. Amma gwangwanin fentin nan, rufe shi ka ɗora a kan kanta. Cikin duk abin da ka lissafa, shi kaɗai ne in an yi ba a warwarewa. Fushin Hajiya zai sauka, maganar ƙannenka za a zauna a kashe ta, kuɗi ma sukan dawo. Fentin da aka fesa a masana'antar Meccano ta Liverpool, masu yin Hornby Dublo, shekara kusan 70 da suka wuce, in ka kankare shi, ya tafi ke nan. Kuma a yau jirgin ba naka ba ne kai kaɗai, balle ka yanke masa hukunci.

Na san wannan maganar ba za ta yi maka daɗi ba, tunda Baba ya faɗa, a gaban shaidu ma. Sai dai a fiƙihun Malikiyya da ake raba gado da shi a ƙasar nan, kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta ta koma hannunsa tun mai bayarwa yana raye da lafiyarsa. Akwati ya kwana a ɗakin Baba har ranar da ya cika, to ya shiga cikin dukiyar magada. In kuma aka ce wasiyya ce, ai babu wasiyya ga magaji sai sauran magada sun yarda. Ka kai maganar gaban malamin da zai raba muku gadon, ka faɗa masa yadda aka yi ba ragi ba ƙari, har da cewa ka riga ka ɗauke akwatin ka buɗe. Ƙannenka ba su yi maka rashin kunya ba don sun tambaya. Inda suka yi kure shi ne wajen farashi.

An fara yin Hornby Dublo a 1938, yaƙi ya katse aikin, bayan yaƙi kuma aka yi ta zubo su kasuwa har 1964, lokacin da kamfanin Meccano ya durƙushe, masu Tri-ang suka saye shi. Duchess of Montrose ya fito a 1953, kuma yana cikin waɗanda aka fi yi da yawa. A Ingila duk inda masu tsofaffin kayan wasa suka baje hajarsu sai ka gan shi a kan tebur fiye da ɗaya. Wanda fentinsa ya goge, ba ya motsi, ba shi da kwalinsa na asali, yawanci 'yan gomomin fam ake sayensa. Masu tsadar da ake ba da labari su ne na kafin yaƙi, ko waɗanda aka yi kaɗan, ko waɗanda suka kwana a kwalinsu ba a taɓa ɗora su a kan dogo ba. Kada ka tsaya jayayya da baki, gani ya kori ji. Ku zauna ku uku da waya ɗaya, ku buɗe eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, ku nemi sunan jirgin, ku duba farashin waɗanda aka riga aka sayar, ba abin da mai kaya ya rubuta yana fata ba, don nan ne miliyoyin suke fitowa. Sannan ku cire kuɗin aikawa da ladan dillanci, tunda babu mai sayensa a kasuwar Sabon Gari. Abin da ya rage shi ne ƙimar akwatin. Ka ce a cire ta daga kasonka, ko ka biya a hannu.

Wani abu ya tsaya mini a wasiƙarka. Ƙanne biyu ka ambata, ban ji 'yan'uwa mata ba, ban ji mahaifiya ko matan Baba ba. In suna nan, kowace tana da haƙƙi a cikin akwatin nan komai ƙanƙantarsa, kuma yardar maza ba ta wadatar a madadinsu. Ka je wa kowace da ƙafarka. Mai yiwuwa su yi dariya su ce sun yafe. To a rubuta, a sa shaidu, don 'ya'yanku kada su gaji maganar. In kuma wani cikinsu ya ce shi ma yana son abin tunawa da Baba, ba shi ƙaramin kan jirgin da tarago biyu, kada ka yi rowa. Ba kai kaɗai ka tsaya kallo kuna yara ba.

Ko bayan ya zama naka halak malak, ra'ayina ka bar masa fentinsa. Masu tara irin waɗannan kaya sun fi daraja tsohon fenti mai tabo a kan sabo mai sheƙi, kuma fesawar farko ta ɗan koyo ba ta cika fita da kyau ba: fenti ya yi kauri ya cike ƙananan zane-zanen ƙarfen, siraran layukan ado da lambar 46232 da ke gefe su ɓace, ba kuwa za ka iya mayar da su da buroshi ba. Wanki kawai yake so. Ka kaɗe ƙura da buroshi mai laushi, ka goge da tsumma mai ɗan danshin ruwan sabulu, ka kauce wa lambobi da layukan, ka busar nan take. Ban da fetur, ban da tina, ban da kananzir a jikin fenti. Taragan fasinja na kwano ne da aka buga wa zane, su ko ruwan ma ba sa so, don tsatsa ke shiga ta gefuna; busasshen ƙyalle ya ishe su.

Tayar da injin wata magana ce daban. Wannan ba ya rage wa jirgi daraja, ƙara masa yake yi, kuma da ka shaida wa magada kana iya farawa. Abu na farko: tsohuwar taransifomar da ke cikin akwatin kada ta kusanci soket. Wayoyinta da roba aka naɗe su, robar ta bushe ta farfashe a ciki inda ido ba ya gani, jikinta kuma ƙarfe ne. Jiragen nan wuta mai ƙarfin bolt 12 suke ci, irin ta batir. Batirin babur ya isa gwaji, ba ruwanka da jiran a kawo wuta. Ka ratsa ƙwan sigina na mota, mai wat 21, a tsakanin batir da dogo: in wayoyi suka haɗu a wani wuri, ƙwan ne zai kama, maimakon kwayil ɗin jirgi ya ƙone. Tsohuwar dabara ce ta masu wannan sha'awa. Ɗan abin rage gudu da ƙara shi kuwa, masu sayar da kayan lantarki suna da shi da araha.

Ka lura da dogon. Na Dublo na wancan zamani ƙarfe uku ne: wuta na shiga ta na tsakiya, wasu 'yan faranti masu siffar cokali a ƙarƙashin jirgin su ɗauke ta, ta koma ta tayoyi. Tri-ang kuwa dogo mai ƙarfe biyu yake bi, wuta ta shiga ta tayar dama ta fita ta hagu. In ka ɗora Tri-ang a kan dogon Dublo ba zai motsa ba ko lafiyarsa ƙalau, in ka ɗora Dublo a kan mai ƙarfe biyu wuta za ta haɗu. Sai a 1959 Dublo suka fara yin na ƙarfe biyu, bayan Baba ya dawo gida.

Mafi yawan irin waɗannan injuna ba lalacewa suka yi ba. Tsohon mai ne ya haɗu da ƙurar shekaru ya daskare kamar ƙanzo. Noti ɗaya ko biyu ke riƙe da gangar jikin. Kafin ka kwance kowane abu ɗauki hotonsa da waya, ka zuba notikan a murfin kwalba. Kada ka murza tayoyi da ƙarfi don ka ga ko za su juya. Giyar da ke ciki irin mai murɗaɗɗen zare ce, inji ke juya taya, taya ba ta juya inji, in ka matsa sai ka goce saitin tayoyin ko ka cinye haƙoran giya. Abin da za ka juya da yatsa shi ne kwayil ɗin kansa. Ka sami sifirit da auduga a kan tsinke, ka bi giya da bakin kowane aksul, wato sandar da ke riƙe da taya biyu, har tsohon man ya narke. A jikin sandar kwayil akwai 'yan faranti uku na jan ƙarfe inda gawayi biyu ke gogawa, irin waɗanda masu gyaran janareta ke kira burushi. Goge farantan har su yi haske, ka sakace tsagar da ke tsakaninsu da tsinken sakace, ba da allura ba. In za ka cire gawayin, yi a cikin faranti mai zurfi ko cikin leda, don sifirin da ke bayansu in ya yi tsalle ka rabu da shi. Daga nan sai mai: man keken ɗinki, abin da bakin allura ya ɗauko, ɗigo ɗaya a kowace mahaɗa. Ban da baƙin mai, ban da man gyaɗa, kuma ko kaɗan kada ya taɓa farantan jan ƙarfen nan. Mai da yawa ya fi rashin mai kashe waɗannan injuna. Tayoyi da dogo ma sifirit da tsumma. Sanfefa na barin ƙarce, ƙarcen kuma ya riƙa tara datti.

Akwai abu ɗaya da 'yan koyo ke yi su yi nadama: zare maganaɗisun da ke cikin injin don a wanke shi. Irin maganaɗisun wancan zamani da ka raba shi da ƙarafan da ke kewaye da shi ƙarfinsa ke raguwa, mayar da shi kuma ba ya dawo da ƙarfin. Maganaɗisu mai rauni na sa inji ya ja wuta da yawa, ya yi ta jan ƙafa, ya ɗau zafi, daga ƙarshe kwayil ya ƙone. Saboda haka in bayan wanki jirgin ya tashi amma yana tafiya a kasale, kuma cikin 'yan mintoci ka ji ya yi zafi, kashe wuta. Maganinsa biyu ne: a sake cusa masa ƙarfi da na'urar da ake yin haka, ko a sa sabon maganaɗisu na zamani da ake yankawa daidai ramin, ana sayar da su a Ingila ba tsada. Duk abin da ka cire na asali, sa shi a ambulan ka rubuta sunansa, ya zauna cikin akwatin. In kwayil ya riga ya ƙone, mai naɗin kwayil na fanka in yana da haƙuri zai iya, muddin ya ƙirga zagayen tsohuwar wayar ya sami mai kaurinta. A wannan aiki mai gyaran agogo ya fi bakaniken mota amfani a gare ka. Yi abota da ɗaya.

Tri-ang da ya lanƙwashe ba laifin ajiyar Baba ba ne. Robar da suka yi amfani da ita a farkon shekarun 1950 tana tsukewa tana murɗewa da tsufa, shi ya sa suka canza ta wajen 1956. Ba ta miƙewa. In ka tsoma a ruwan zafi sai dai ta ƙara lalacewa. Ka bar shi yadda yake, injin cikinsa mai sauƙin gyara ne. In kuma ka ga wani ƙarfe ya kumbura yana tsattsagewa da kansa, cutar tutiya ce da aka gauraya da ƙazantar dalma tun wajen zubi, ba ta da magani, amma ta fi kama na kafin yaƙi. Ajiya dai a inuwa, nesa da zafin rufin kwano, a rufe saboda ƙurar hunturu, da 'yan ƙunshin tsotse danshi na kwalin takalmi saboda damina.

Ka ga duk abin da na lissafa bai wuce sifirit, auduga, man keke da ƙwan mota ba. Da wannan nake so ka auna fanshon wata biyu da ka kashe, mu koma kan Hajiya.

Ta ce wasan yara, amma ba na jin jirgi ne ya ɓata mata rai. A waya ta gani, ba daga bakinka ta ji ba. Matar da ta yi shekaru tana jan albashin malamin makaranta har ya kai ƙarshen wata, ta san abin da kuɗin wata biyu ke saya, buhu nawa ne, maganin wa ne. Yanzu kuma tana tambayar kanta me kuma aka ɓoye. Kada ka aika kowa biko, ba yaji ta yi ba, kuma bai kai a ji ku a waje ba. Rubuta duk abin da ka kashe har kuɗin aikawa, ka miƙa mata takardar da hannunka, ka ce ka ɓoye kuma ba ka kyauta ba. Kada ka biyo da "amma". Ranar ba ranar bayanin darajar jirgi ba ce, ba kuma ranar sayo atamfa ba. Za ta gane toshiyar baki ce, ga shi an ƙara kashe wasu kuɗin. Bayan kwana biyu ku yanke abin da za ka riƙa warewa duk wata bayan cefane, magani da kuɗin makaranta, adadin da ta sani, wanda in wata ya yi tsauri jirgi ne zai jira. Odar Ingila a dakatar da ita har a gama maganar gado. Ɗalibin nan kuma in akwai ragowar kuɗinsa a kanka biya shi, kunyar malami ce za ta hana shi tambaya.

A maganar ɗakin baƙi tana da gaskiya ɗari bisa ɗari. Mutuncin matar gida ne a ce 'yan'uwanta sun zo sun sami wurin kwana ba warin mai. Rabin falankin filawud, ƙafa 4 kowane gefe, ya ishi da'irar dogon Dublo. Ka kafe dogon a kai, in an gama a jingine shi a bango. Kayan aiki su koma akwati ɗaya mai murfi. Ka yi aikinka da rana, ƙofa a buɗe, dare kuwa na hira ne. Ta jira ka yi ritaya ka dawo gida, ka dawo ka shige wani ɗaki ka turo ƙofa. Sannan ka gaya mata abin da ka gaya mini a fakaice ba ka furta ba: cikin shekara guda ka rasa aji ka rasa uba, kuma in kana kan teburin nan kana jin sauƙi. Wannan za ta fahimta fiye da duk wani bayani a kan Hornby. Kai ma kada ka ruɗi kanka cewa don Baba kake yi. Abin da ke isa ga Baba yanzu addu'a ce da sadaka. Jirgin don kai ne, kuma babu abin kunya a ciki.

Masu cewa wasan yara a waje ba su cancanci doguwar amsa ba. A Landan akwai ƙungiyar manya masu wannan sha'awa da aka kafa tun 1910, shekara guda kafin dogo ya iso Kano, kuma har yau tana nan. A Hambog ta Jamus gidan ƙananan jiragen da ake kira Miniatur Wunderland, da aka buɗe a 2001, layi ake bi a shiga. Amma ba sai mun ari hujja daga Turai ba. Wane yaron Bahaushe ne bai yi motar kara ko ta langa-langa ba? Mu dai da an girma sai a yar da aikin hannu a koma benci, daga hantsi zuwa la'asar ana gardamar siyasa. Ban ga ta inda wannan ya fi wancan dattako ba.

Inda nake so ka zuba ƙwazon da ka tanadar wa fesa fenti shi ne burinka na biyu, don a nan babu haƙƙin kowa, babu abin tarihi da za ka lalata, in ka ɓata gwangwani ka yanko wani. Kawunan jirgi masu sunayen koguna sun fara zuwa Najeriya a 1948 daga masana'antar Vulcan Foundry ta Ingila, daga baya aka ƙaro wasu daga North British ta Gilasgo. Tsarin tayoyinsu 2-8-2 ne: ƙanana biyu a gaba, manya takwas masu ja, biyu a baya ƙarƙashin murhu, suna cin kwal ɗin Inugu. Ƙirar ta yi kyau har reluwen Gabashin Afirka suka ɗora nasu samfurin 29 a kanta. Ba za ka shiga shago ka same shi a kwali ba, sai dai hannu.

Matsalar farko ma'auni ce. Jiragen Baba an rage su sau 76, a kan dogo mai faɗin milimita 16.5, suna kwaikwayon dogon Ingila. Tsohon dogonmu, wanda ya ratsa Zariya, ya fi ƙunci: ƙafa 3 da inci 6, wato milimita 1067. Raba 1067 da 64, za ka sami 16.7. Ma'ana in ka rage jirgin Najeriya sau 64, zai zauna daram a kan dogo mai 16.5 da ake sayarwa ko'ina. Haka masu wannan sha'awa ke yi a Niyu Zilan da wasu sassan Ostareliya, inda dogonsu irin namu ne. Ga wata riba: komai zai ɗan fi girma, idon mai shekara 59 zai gode. Ka yi shi a kan dogo mai ƙarfe biyu na zamani, ka bar na Baba da jiragen Baba.

Manyan tayoyin jirgin kogi faɗinsu ƙafa 4 ne, a ma'auninka milimita 19 ke nan. Jiragen Amurka masu tsarin 2-8-2 da tayoyin inci 63, waɗanda ake ragewa sau 87, tayarsu na fitowa milimita 18 da ɗoriya, a kan dogo ɗaya da naka. To in lokacin saye ya yi, abu ɗaya tak za ka yi oda: jirgi irin wannan da wani ya yi amfani da shi, ko gangar jikinsa ta fashe, muddin ƙasansa na tafiya lafiya. Ka cire gangar, ka gina ta Najeriya a kai. Tazarar tayoyin ba za ta yi daidai cif ba, ka yafe wannan a aikin farko. Dalilina shi ne ƙasan jirgi ne ke karya gwiwar mutane. Ramukan aksul huɗu dole su dace da ramukan sandunan da ke haɗa tayoyi, kuskuren da bai kai kaurin gashi biyu ba ya isa ya sa jirgi ya riƙa cijewa a kowane juyi, kuma maƙalan sandunan gefe ɗaya dole su riga na ɗaya gefen da rubu'in juyi daidai a duk tayoyin. Ɗora gangar da ka ƙera da hannu a kan ƙasan da ka saya ba ha'inci ba ne, da haka gwanaye da yawa suka fara.

Kafin kan jirgi ma, yi tarago. Buɗaɗɗen taragon kaya, irin wanda buhunan gyaɗa suka cika zamanin dala a Kano: ƙasa ɗaya, bango huɗu. A nan za ka koyi zana layi a kan ƙarfe, yanka, gogewa da magagari, da liƙa kusurwa ta tsaya cak. Gwangwanin madara ya isa: kwano ne mai rufin kuza, dalma na kama shi da kyau in ka kankare fentin. In hannu ya faɗa sai ka koma fallen tagulla mai kaurin milimita 0.25 zuwa 0.4. Kayan aikin ba su da yawa: rula ta ƙarfe, abin awon kauri, ƙananan magagarai, filaya, tabarau mai ƙara girma, ƙarfen liƙi na lantarki mai wat 40 ko fiye, da siririn zarton nan na maƙeran zinariya. Je ka zauna kusa da maƙerin zinariya ka ga yadda yake riƙe shi a tsaye yana barin zarto ya ci da kansa. Abin da za ka koya a zama biyu, da kanka sai ka karya ruwan zarto dozin kafin ka gano.

Sirrin liƙi uku ne: ƙarfe mai tsabta, ruwan liƙi, da zafi isasshe a lokaci ɗaya. Dalmar masu gyaran rediyo tana narkewa wajen digiri 185. Da ita za ka haɗa manyan sassa. Akwai wata mai narkewa a 145 da ake liƙa ƙananan kaya da ita daga baya, don kada na farko su saki. In ba ka samu ba, ɗora jiƙaƙƙiyar auduga a kan tsohon liƙin ta shanye zafin. Kowace rana in ka tashi, wanke aikin da ruwa da sabulu, don ragowar ruwan liƙi na cin ƙarfe. Ka buɗe taga, ka wanke hannu kafin abinci, kuma dalma da ƙurarta su yi nesa da jikoki. Mun ga abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Gangar kan jirgin kuwa, fara yanka ta da kwalin sukari ka manna da gam, ka kifa a kan injin ka ga ko ta shige, ko tsawon tukunya da ɗakin direba sun yi wa ido daidai. Kuskuren da kwali ya nuna maka kyauta ne.

Abin da ya fi gaggawa a aikin nan ba kayan aiki ba ne, bayani ne. Bincika takardun Baba, mai yiwuwa akwai hotuna ko littafin kwas ɗinsa. Hoto ɗaya da aka ɗauka daga gefe sosai ya isa ka fitar da awo: ka san taya ƙafa 4 ce, da ita za ka auna tsawon tukunya, tsayin bututun hayaƙi da sauransu. In hanya ta kai ka Legas, akwai ɗan gidan tarihin reluwe a Jaekel House da ke Ebute Metta, mai tsofaffin hotuna da kayan aiki. Amma mafi kusa da kai su ne tsofaffin abokan aikin Baba da suka rage a Zariya, kuma ba su da yawa. Ka je musu a makon nan da goro da waya mai ɗaukar murya. Tambaye su wane kogi ne Baba ya fi yi wa aiki da lambarsa, ina farantin suna yake a jiki, wane gefe famfon birki yake, me aka rubuta a jikin taragon kwal, da kuma launi, don hotunan zamanin baƙi da fari ne.